Makarantun kwana na 'ya'yan 'yan asalin Kanada da Amurka: tambayoyi da amsoshi kan gaskiya, diyya da warkar da rauni

Tun daga watan Mayun 2021, lokacin da labarin kaburburan yara a garin Kamloops na Kanada ya karaɗe duniya, maganar waɗannan makarantu, inda aka riƙa kai yaran 'yan asalin ƙasa bayan an raba su da iyayensu, ba ta sake kwanciya ba. Shugabanni sun nemi gafara, Fafaroma ya taka da ƙafarsa ya je, kotuna sun yanke diyyar biliyoyin daloli. Duk da haka, waɗanda abin ya shafa suna cewa tsugune ba ta ƙare ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin.

Su wane ne waɗannan 'yan asalin ƙasa?

Su ne al'ummomin da Turawa suka tarar a Arewacin Amurka, waɗanda mu muka fi sani a finafinan kaboyi da sunan Indiyawan daji, sunan da ba sa so. Ba ƙabila ɗaya ba ce. A Kanada ana kasa su gida uku: First Nations, da Inuit mazauna yankin ƙanƙara na can arewa, da Métis waɗanda suka samo asali daga auratayya tsakanin 'yan ƙasa da Turawa 'yan fataucin fatu. Suna da harsuna sama da 70. A Amurka gwamnatin tarayya ta amince da ƙabilu fiye da 570, cikinsu akwai Navajo, Lakota, Cherokee, Hopi da Apache.

Makaranta ai alheri ce. Me ya sa ake magana a kansu kamar gidan yari?

Saboda waɗanda suka kafa su ba su ɓoye manufarsu ba. A Amurka, wani hafsan soja mai suna Richard Henry Pratt ya buɗe makarantar Carlisle a jihar Pennsylvania a 1879, a cikin tsohon barikin soja. A wani jawabi da ya yi a 1892 ya taƙaita aikinsa da cewa a kashe Ba'indiyen da ke cikin yaro, a ceci mutumin. A shekarar da aka buɗe Carlisle ɗin ne gwamnatin Kanada ta tura Nicholas Flood Davin ya dubo yadda Amurka ke yi, ya dawo ya ba da shawarar a kwaikwaya. Firaminista John A. Macdonald ya gaya wa majalisa a 1883 cewa muddin yaro yana kwana a gaban iyayensa, ko ya iya karatu da rubutu ɗabi'arsa ba za ta canja ba, don haka sai an raba shi da su.

Akwai kuma maganar ƙasa. Yaƙi da ƙabilu yana cin kuɗi, kuma jami'an Amurka na wancan zamani sun yi lissafin cewa mayar da yaro Bature a makaranta ya fi araha a kan kashe mayaƙi a fagen daga. Al'ummar da 'ya'yanta ke hannun gwamnati ba ta ɗaga makami, al'ummar da ta manta harshenta da iyakokin ƙasar kakanninta kuma ba ta da bakin ƙorafi idan aka yanka filayenta aka raba wa baƙi. Rahoton da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Amurka ta fitar a 2022 ya faɗi haka da bakinsa: makarantun da ƙwace ƙasa tafiyarsu ɗaya.

Iyaye ne suke kai yaran, ko ƙwace su ake yi?

Duka biyun sun faru, amma ko inda iyaye suka miƙa da hannunsu, sau da yawa yunwa ce ko barazana ta sa. Majalisar Amurka ta ba jami'ai ikon hana rabon abinci ga duk gidan da ya ƙi ba da yaro, a lokacin da an riga an tsare ƙabilu a keɓaɓɓun yankuna kuma an karkashe ɓaunar da suke rayuwa a kanta. A 1895 an ɗaure maza 19 'yan ƙabilar Hopi a tsibirin Alcatraz, kuma ƙin ba da 'ya'yansu yana cikin laifin da aka ɗora musu. A Kanada, gyaran dokar da aka yi a 1920 ƙarƙashin Duncan Campbell Scott, babban jami'in ma'aikatar da ke kula da 'yan asalin ƙasa, ya wajabta makaranta a kan yara daga shekara 7 zuwa 15, 'yan sanda kuma suna rakiyar jami'ai zuwa ƙauyuka. Tsofaffi da yawa sun ba da labarin motar ɗaukar shanu ko jirgin sama da ya zo ya kwashi yaran gari guda a wuni ɗaya.

Yara kimanin 150,000 ne suka bi ta makarantun Kanada. Ta ƙarshe da gwamnatin tarayya ke gudanarwa, wato Gordon a lardin Saskatchewan, sai a 1996 aka rufe ta. Ba labarin kaka da kakanni ba ne. Wasu ɗalibanta yanzu ba su wuce shekara arba'in da 'yan kai ba.

Yaya rayuwa take a ciki?

Ranar farko ana aske gashin yaro, alhali a wasu ƙabilun ba a yanke gashi sai an yi mutuwa a gida. A karɓe tufafinsa, a ba shi sunan Turawa, wani wurin ma lamba kawai. A raba wa da ƙane, a raba ya da ƙanwa, suna gini ɗaya amma ba halin gaisawa. Wanda ya yi magana da harshensa ya sha bulala, ko a wanke masa baki da sabulu. Wasu sun shaida cewa an soka musu allura a harshe. A makarantar St. Anne's da ke Fort Albany a lardin Ontario, tsofaffin ɗalibai sun shaida cewa akwai kujerar lantarki da aka haɗa a nan makarantar ana ɗora yara a kai.

Karatun kansa rabin wuni ne. Sauran rabin noma ne da wanki da ɗinki da faskare, domin kuɗin da gwamnati ke bayarwa ba ya isa, da gumin yaran ake riƙe makarantar. Yunwa kuwa kusan kowa ya ambace ta. A 2013 masanin tarihi Ian Mosby ya tono takardun da suka nuna cewa tsakanin 1948 da 1952 an yi gwaje-gwajen abinci a kan yara kusan 1,000 a makarantu shida na Kanada. A wata makarantar an bar su da ƙasa da rabin madarar da ta kamace su har shekara biyu don a samu ma'aunin kwatantawa, aka kuma hana su maganin haƙori don kada ya ɓata sakamakon bincike.

Sai lalata da yara, wadda ta yi yawan da ba a iya kiranta laifin ɗaiɗaikun mutane.

Wasu sun gudu. Chanie Wenjack yana da shekara 12 ya tsere daga makarantar Cecilia Jeffrey a garin Kenora cikin Oktoban 1966, ya bi layin dogo yana neman gida, tafiyar kilomita kusan 600. An tsinci gawarsa a gefen layin, sanyi da yunwa sun kashe shi.

Yara nawa ne suka mutu?

A 2015 Hukumar Gaskiya da Sasantawa ta Kanada, wadda aka kafa don bin diddigin abin da ya faru a makarantun, ta tabbatar da mutuwar yara kimanin 3,200, daga baya cibiyar da ta gaje ta a birnin Winnipeg ta kai lissafin sama da 4,100. Shugaban hukumar, alƙali Murray Sinclair, ya sha faɗin cewa ainihin adadin ya zarce haka nesa. Dalilinsa a fili yake: a kusan kashi ɗaya cikin uku na mace-macen ba a rubuta sunan yaron ba, a kusan rabinsu ba a rubuta abin da ya kashe shi ba, kuma tsakanin 1936 da 1944 ma'aikatar da ke kula da 'yan asalin ƙasa ta lalata fayil kusan 200,000. Tarin fuka ne ya fi kisa, sai mura mai tsanani, ƙyanda, gobara da haɗari. Galibi ba a mayar da gawa gida, don gwamnati ba ta son biyan kuɗin jigila. A bayan makaranta ake binnewa, wani lokaci 'yan'uwansu ɗalibai ne ke haƙa ramin.

A Amurka rahoton gwamnati na 2024 ya tabbatar da mutuwar aƙalla yara 973, ya kuma gano maƙabartu 74 a makarantu 65. A ƙarshen shekarar jaridar Washington Post ta yi nata binciken ta ƙirga sama da 3,100.

Ko dai hukumomin wancan lokaci ba su san abin da ke faruwa ba?

Sun sani sarai. A 1907 Dakta Peter Bryce, babban likitan ma'aikatar, ya zagaya makarantun yammacin Kanada ya rubuta cewa a makarantu 15 da ya samu cikakken lissafinsu, kusan ɗaya cikin kowane yara huɗu ya mutu. Ya nuna dalili: ɗakunan kwana a cunkushe, tagogi a rufe, ana haɗa masu tarin fuka da masu lafiya. Ya kawo gyaran da ba shi da tsada sosai, aka yi biris da shi, daga baya aka yi masa ritaya. A 1922 ya buga ƙasida da kansa ya kira abin laifin ƙasa. A Amurka ma rahoton Meriam na 1928 ya bayyana yunwa da cunkoso da bautar da yara, wani rahoton Majalisar Dattawa na 1969 ya maimaita. Wannan shi ne abin da ke rushe hujjar masu cewa kada a auna mutanen da da ma'aunin yau. Mutanen zamaninsu ne suka fara auna su.

An ce ba a tono gawa ko ɗaya a Kamloops ba. Shin labarin kaburburan ƙarya ne?

Nan sai an bi a hankali. A Mayun 2021 al'ummar Tk'emlúps te Secwépemc ta sanar cewa na'urar rada mai leƙa ƙarƙashin ƙasa ta nuna alamun kaburbura 215 a harabar tsohuwar makarantar Kamloops. Bayan 'yan makonni mai binciken ta ce 200 ne wuraren da ake kyautata zaton kaburbura ne. A Yunin 2021 kuma al'ummar Cowessess ta sanar da 751 a wata maƙabarta kusa da makarantar Marieval, inda aka binne manya da yara, aka kuma cire alamun kaburburan shekaru da dama da suka wuce.

Na'urar ba ta ganin ƙashi. Abin da take nunawa shi ne an taɓa haƙa ƙasa a wurin, da girman ramin da yadda ramukan suka jeru. Kafofin watsa labarai da yawa sun yi gaggawa suka ce an gano kabarin bai-ɗaya, abin da shugabannin al'ummar ba su faɗa ba. Kuma akwai inda aka haƙa ba a samu kome ba, kamar ƙarƙashin cocin Pine Creek a lardin Manitoba a 2023. Duk wannan gaskiya ne. Amma masu ɗaukar wannan su ce ashe ba a mutu ba, sun yi wa kansu sauƙi da yawa, domin sunayen dubban yaran da suka mutu daga rajistar coci da ta gwamnati aka ciro su, tun kafin a kawo wata na'ura. An tono ƙasusuwan yara a wasu wuraren ma. Jinkirin haƙa kuwa yana da dalili: yaran makaranta ɗaya daga ƙabilu da dama suke, wasu al'adun sun haramta taɓa mamaci, sai an samu yardar kowa. Abin lura, tun 2009 Hukumar Gaskiya ta nemi dala miliyan 1.5 don ta binciki kaburburan, gwamnati ta hana.

Ta yaya aka kai ga diyya a Kanada, kuma nawa aka biya?

Ba tausayi ne ya kawo ta ba, kotu ce. A 1990 Phil Fontaine, wani shugaban ƙabilu a Manitoba, ya fito a talabijin ya faɗi abin da aka yi masa yana yaro, bakin mutane ya buɗe. Ƙararraki suka yi ta shigowa har suka kai dubbai, wani yankin cocin Angilika, na Cariboo, ya durƙushe a 2001 saboda kuɗin shari'a. A 2006 aka cimma yarjejeniyar sulhu, ta fara aiki a 2007, ta shafi makarantu 139.

Kashi biyu ne. Duk wanda ya zauna a makarantar ya samu dalar Kanada 10,000 a kan shekarar farko, da 3,000 a kan kowace shekara bayanta. Mutum kusan 79,000 suka karɓa. Sai wani tsari daban ga wanda aka yi wa fyaɗe ko mummunan duka, inda aka shigar da buƙata sama da 38,000, aka biya fiye da dala biliyan 3. Tsarin ya yi wa mutane ciwo: tsoho ya zauna gaban lauyoyi yana zayyana abin da bai taɓa gaya wa matarsa ba, ana ba kowane nau'in cin zarafi maki kamar jarrabawa. An kuma kama wasu lauyoyi suna cin kuɗin waɗanda suke wakilta.

Waɗanda aka bari a baya sun sake komawa kotu. 'Yan makarantun jeka-ka-dawo sun samu tasu yarjejeniyar a 2019. A 2023 gwamnati ta amince ta biya al'ummomi 325 dala biliyan 2.8, ba don raunin mutum ɗaya ba, don asarar harshe da al'ada da gari gaba ɗaya ya yi. Firaminista Stephen Harper kuwa ya nemi gafara a zauren majalisa ranar 11 ga Yunin 2008.

Me Hukumar Gaskiya da Sasantawa ta yi?

Daga 2008 zuwa 2015 ta zagaya ƙasar ta saurari mutane sama da 6,500. Ta yanke cewa abin da aka yi kisan ƙare dangi ne na al'ada, ta kuma fitar da buƙatu 94 da suka shafi riƙon yara, ilimi, harshe, lafiya, shari'a da neman yaran da suka ɓace. Mai karatu ɗan Najeriya zai tuna kwamitin Oputa, wanda aka yi ta kallon zamansa a talabijin amma gwamnati ba ta taɓa fitar da rahotonsa a hukumance ba. Na Kanada ya fito, ana koyar da shi a makarantu. Sai dai aiwatarwa tana tafiyar hawainiya: cibiyar bincike ta Yellowhead ta ƙirga a ƙarshen 2023 cewa 13 kacal aka kammala cikin 94 ɗin, kuma yawancinsu masu sauƙin yi ne, irin su ware ranar hutu da sauya kalmomin rantsuwar zama ɗan ƙasa.

An hukunta waɗanda suka aikata?

Kaɗan ƙwarai, kuma a ganina nan ne babban giɓin yake. Hukumar ba kotu ba ce: ba ta da ikon tilasta wa kowa ya bayyana, ba a kuma yarda mai ba da shaida ya kama sunan wanda kotu ba ta riga ta samu da laifi ba. Ta gano cewa waɗanda aka taɓa yanke wa hukunci a kan cin zarafin ɗalibai ba su kai 50 ba. A ɗaya gefen, gwamnati ta ɗauki masu bincike suka gano inda mutum fiye da 5,000 da ake zargi suke, ba don a gurfanar da su ba, don a tambaye su ko suna son halartar zaman diyya. Ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan da suka shiga hannu shi ne Arthur Plint, mai kula da ɗakin kwana a makarantar Alberni, wanda aka ɗaure shekara 11 a 1995. A shari'ar diyyar da ta biyo baya, Kotun Ƙoli ta ɗora wa gwamnati kashi 75 cikin ɗari na alhakin, cocin United da ke riƙe da makarantar kashi 25. Yawancin waɗanda ake zargi sun mutu a gadajensu.

A Amurka ma wa'adin shigar da ƙara ya toshe hanya. Jihar South Dakota ta yi doka a 2010 da ta hana wanda ya haura shekara 40 kai ƙarar wata cibiya a kan lalatar da aka yi masa yana yaro, a daidai lokacin da tsofaffin ɗalibai ke shigar da ƙarar coci.

Ina matsayin coci-coci?

Gwamnati ke ba da kuɗi, coci ke riƙe da makarantun Kanada, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari na Katolika ne. Cocin Angilika ta nemi gafara a 1993, Presbyterian a 1994, United a 1986 da kuma 1998. Ta Katolika ce ta daɗe tana jan ƙafa, da hujjar cewa kowane yanki da kowace ƙungiyar limamai cin gashin kanta take yi. A yarjejeniyar 2006 ƙungiyoyinta sun yi alkawarin ƙoƙarin tara dala miliyan 25, suka tara ƙasa da miliyan 4, kotu ta sallame su a 2015. Bayan Kamloops, da fushin jama'a ya yi yawa har aka ƙona coci-coci da dama (shugabannin ƙabilu da yawa sun yi tir da ƙone-ƙonen, don mabiyan cocin 'yan'uwansu ne), bishop-bishop suka yi sabon alkawarin miliyan 30.

Fafaroma Francis ya nemi gafara a Maskwacis da ke lardin Alberta ranar 25 ga Yulin 2022. Wasu tsofaffi sun yi kuka sun ce nauyi ya sauka. Wasu sun ce ya ɗora laifin a kan Kiristoci ɗaiɗaiku maimakon coci a matsayinta na hukuma, kuma bai ambaci lalata da yara a wannan jawabin ba. A jirgi yana komawa gida ne ya yarda da bakinsa cewa kisan ƙare dangi ne, majalisar wakilan Kanada ma ta amince da hakan baki ɗaya a Oktoban shekarar. A Maris na 2023 Fadar Vatican ta nesanta kanta da tsohuwar aƙidar nan da ta halatta wa sarakunan Turai mallake duk ƙasar da suka tarar ba ta Kiristoci ba.

Amurka fa, ina ta kwana?

Tana baya sosai. Sai da Deb Haaland, 'yar ƙabilar Laguna Pueblo wadda aka kai kakanninta irin waɗannan makarantu, ta zama sakatariyar harkokin cikin gida a 2021 sannan gwamnati ta fara ƙirga makarantunta. Aka samu 417 a jihohi 37 tsakanin 1819 da 1969, aka kuma ƙiyasta cewa an kashe abin da ya haura dala biliyan 23 a kuɗin yau wajen tafiyar da tsarin, wani ɓangare daga kuɗin ƙabilun kansu da gwamnati ke riƙe da shi amana. Haaland ta zagaya wurare 12 tana sauraron tsofaffin ɗalibai. Ranar 25 ga Oktoban 2024 Shugaba Joe Biden ya nemi gafara a yankin Gila River na jihar Arizona, ya rage masa ƙasa da wata uku ya sauka.

Babu diyya irin ta Kanada. Ƙudurin kafa hukumar gaskiya da aka fara gabatarwa a 2020 bai zama doka ba har Biden ya bar mulki. A 2025 ƙabilun Wichita da Washoe sun kai gwamnati kotu suna neman ta yi bayanin yadda aka kashe kuɗin amanar. Abin da ya ɗan motsa shi ne mayar da gawawwaki: tun 2017 rundunar soja ke tono yaran da aka binne a Carlisle tana miƙa wa danginsu, kuma a 2021 mutanen Rosebud Sioux sun raka yaransu tara gida bayan shekara kusan 140.

An rufe makarantun. Me ya sa jikokin da ba su shiga ba suke cewa abin ya shafe su?

Yaron da ya tashi daga shekara 6 zuwa 16 ba a taɓa rungumarsa ba, bai ga yadda uwa ke lallashi ko yadda uba ke tsawatarwa ba tare da bulala ba, da me zai yi tarbiyyar nasa 'ya'yan? Da yawa sun koma gida ba sa jin harshen kakarsu, cikin Turawa kuma ba a karɓe su ba. Giya ta zama mafaka. Wata masaniya 'yar Lakota, Maria Yellow Horse Brave Heart, ta shafe shekaru tana nazarin yadda baƙin cikin da ba a yi makokinsa ba ke bin zuriya, binciken da aka yi a Kanada kuma ya nuna cewa 'ya'ya da jikokin tsofaffin ɗalibai sun fi sauran 'yan'uwansu fama da ciwon damuwa da tunanin kashe kai.

Ɗaukar yaran ma bai tsaya ba, hannu kawai ya sauya. Daga shekarun 1960 jami'an jin daɗin jama'a suka riƙa kwashe yara suna ba Turawa riƙo. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa 'ya'yan 'yan asalin ƙasa kashi 7.7 cikin ɗari ne na yaran Kanada, amma su ne kashi 53.8 na yaran da ke hannun riƙo. A gidajen yarin tarayya kusan ɗaya cikin uku nasu ne, alhali kusan kashi 5 ne na jama'ar ƙasar. Cindy Blackstock, mai fafutukar kare haƙƙin yaran 'yan asalin ƙasa, ta yi shekara da shekaru tana shari'a kan yadda ake tauye kuɗin kula da yaran keɓaɓɓun yankuna, har aka kai ga diyyar dala biliyan 23 a 2023.

To wace irin warkarwa ake yi?

Wadda ta fi tasiri daga cikin al'ummomin ta fito. Harshe ne kan gaba. Mutanen Mohawk na Akwesasne sun buɗe makarantar da ake koyar da kome da harshensu tun 1979, wasu ƙabilun kuma suna haɗa jarirai da tsofaffin da suka rage masu jin harshen. Wani bincike da aka buga a 2007 a kan al'ummomin lardin British Columbia ya gano cewa inda aƙalla rabin mutane ke iya hira da harshensu, kashe kai tsakanin matasa ya yi ƙasa ƙwarai, kusan babu. Ana kuma komawa ga bukukuwan gargajiya da doka ta taɓa haramtawa, da zaman da'ira inda kowa ke faɗin abin da ke ransa, da kai matasa daji su koyi farauta da kamun kifi wurin dattawa. A Hollow Water da ke Manitoba gari ya ƙirƙiro tsarinsa na tunkarar masu lalata da yara a cikin dangi, inda sai mai laifi ya amsa laifinsa a gaban jama'a kafin a fara maganar gyara.

Gine-ginen ma kowa da yadda ya yi da nasa. A Blue Quills ta Alberta iyaye sun mamaye makarantar a 1970 har gwamnati ta miƙa musu, yau jami'arsu ce. A Alert Bay rushe ginin aka yi a 2015, tsofaffin ɗalibai suna jifansa da duwatsu. A Brantford an zaɓi a adana makarantar Mohawk Institute don ta zama hujja.

Gwamnati ta taɓa kafa gidauniyar warkarwa da dala miliyan 350 a 1998, ta tallafa wa ayyuka sama da dubu, sai aka yanke mata kuɗi a 2010, daidai lokacin da zaman hukumar gaskiya ke fama wa mutane tsohon miki. Ranar 30 ga Satumba kuwa ana sa riga mai ruwan lemo, saboda labarin Phyllis Webstad wadda aka ƙwace wa sabuwar rigar da kakarta ta saya mata a ranarta ta farko a makaranta a 1973. Tun 2021 ranar ta zama hutun tarayya.

Ba wanda ya amfana da makarantun ko kaɗan?

Akwai waɗanda suka gaya wa hukumar cewa sun haɗu da malamai na kirki, sun koyi sana'a ko wasanni. Jim Thorpe, wanda ya ci zinare biyu a gasar Olamfik ta 1912, ɗalibin Carlisle ne. Hukumar ta rubuta wannan duka ba ta ɓoye ba. Sai dai yarjejeniyoyin da ƙabilu suka sa wa hannu a Kanada makaranta a cikin garuruwansu suka tanada, ba a ce sai an raba su da 'ya'yansu ba.

Akwai kamanceceniya da abin da Turawa suka yi a ƙasashenmu?

Ta wani gefen. Faransawa sun buɗe makarantar 'ya'yan sarakuna a Saint-Louis ta Senegal a 1855, wadda da farko ma makarantar garkuwa ake kiranta, kuma dattawan Nijar suna tuna abin da ake rataya wa yaro a wuya idan ya yi Hausa ko Zabarmanci a aji. A Najeriya ma an ci tarar ɗalibai kan yin harshen gida. Amma kada a ja kwatancen ya wuce wurinsa. A nan Bature baƙo ne mai mulki, adadinsa kaɗan, bai zo ya gaje gonakinmu ba. Makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 da Hausa take koyarwa. A can kuwa baƙon ya zauna ya zama mai rinjaye. Waɗanda labarinsu ya fi kusa da na Kanada su ne 'yan asalin Ostireliya, waɗanda Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafararsu a 2008, da 'yan Sami na Norway.

Me ake jira yanzu?

Takardu, fiye da kome. Iyali ba za su san inda ɗansu yake kwance ba sai an buɗe rajistar makarantu, ta asibitocin tarin fuka, ta 'yan sanda da ta ƙungiyoyin limamai, wasu a Ottawa, wasu a Rum. An sha ja-in-ja a kan wannan: a 2014 sai da kotu ta tilasta wa gwamnati ta miƙa dubban takardun binciken 'yan sanda kan St. Anne's, waɗanda ta riƙe alhali tsofaffin ɗalibai suna neman hujjar da za su kare da'awarsu. Kimberly Murray, wadda aka naɗa ta duba batun kaburburan, ta miƙa rahotonta a Oktoban 2024, ta nemi a kafa hukumar bincike ta shekara 20 ƙarƙashin jagorancin 'yan asalin ƙasa, a kuma yi dokar kare wuraren da aka binne yaran, domin wasunsu yanzu filayen 'yan kasuwa ne.

Akwai kuma wa'adi da ke matsowa. Kotun Ƙolin Kanada ta yanke a 2017 cewa shaidar da mutum 38,000 ɗin nan suka bayar a zaman diyya sirri ce, tunda da alkawarin sirri aka karɓe ta. Za a lalata ta ranar 19 ga Satumban 2027, sai ta wanda ya rubuta da kansa cewa a adana tasa. Wasu tsofaffin ɗaliban sun goyi bayan hukuncin, don ba sa son jikokinsu su karanta abin da aka yi musu, musamman inda mai laifin ɗalibi ne ɗan garinsu. Wasu kuma suna ganin za a ƙona hujja mafi girma da ake da ita a kan abin da ya faru, kuma da yawa daga masu ikon cewa a adana sun riga sun rasu.